Direban da barci ya sace a kan sitiyari har aka rasa rai: ƙaddara ce kawai, ko akwai alhaki a kansa?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so masu ilimin cikinmu su warware mini. Idan aka yi haɗari aka ce direba gudun wuce sa'a yake yi, ko ya sha wani abu, kowa sai ya yi Allah wadai. Amma da zarar an ce "barci ne ya ɗauke shi", sai murya ta yi sanyi, a ce Allah sarki, barci ɓarawo ne, ƙaddara ta riga fata. Ni kuwa a ganina barci ba ya shigowa sai ya yi sallama. Hamma za ta fara, ido ya yi nauyi, wuya ya riƙa saki. To mutumin da ya san jiya bai runtsa ba, ya yi lodin mutum 18 daga Kano zuwa Abuja, ya je wajen Tafa ya yi gyangyaɗi ya afka ƙarƙashin tirela, me ke kansa a dokar ƙasa, me ke kansa a shari'a? Kuma shi kaɗai ne, ko har da mai motar da ya tura shi?

Dan_Kwanar_Dawaki:
Wa alaikumus salam. Alhaji, wannan ai ba abin dogon turanci ba ne. Wane direba ne zai so ya kashe kansa? Shi ne fa a gaba, shi ƙarfe zai fara samu. Kuma hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga kan mai barci har sai ya farka. Abin da Allah ya rubuta ba makawa.

UmmuHanifa:
@Dan_Kwanar_Dawaki, ai mai gudun wuce sa'ar ma shi ne a gaba, amma ba mu taɓa cewa ba shi da laifi ba. Komai da ƙaddara yake faruwa, har sata da kisan kai. Wannan bai hana a tsare ɓarawo ba.

Malam_Na_Soro:
Bismillah. Ɗan'uwa Dan_Kwanar_Dawaki, hadisin da ka kawo sananne ne, amma ba a nan ake ajiye shi ba. Abin da aka ɗauke wa mai barci shi ne zunubin abin da ya aikata yana cikin barcin. Haƙƙin mutane kuwa ba ya faɗuwa. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun kawo misalin mai barcin da ya juya ya danne wani har ya mutu, suka ce hukuncin kisan kuskure yake ɗauka: akwai diyya, akwai kaffara. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ita ce asali, 'yanta wuya mumina da miƙa diyya ga iyalan mamaci sai in sun yafe, wanda bai samu abin 'yantawa ba ya yi azumin wata biyu a jere. Diyyar kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma a kisan kuskure dangin mutum na wajen uba, wato aƙila, su ke ɗauka cikin shekara uku.

Wannan fa wanda ya kwanta a shimfiɗarsa ke nan. Ina ga wanda ya hau ƙarfe mai gudu da rayukan bayin Allah a bayansa? Akwai hadisin da ya fi dacewa da tambayar Baban_Khalifa, wanda ya zo a kan lokacin da barci ya kwashe Annabi (SAW) da sahabbai a wata tafiya har rana ta fito ba su yi asuba ba. Ma'anarsa ita ce babu sakaci a cikin barci, sakaci a farke yake. To direban nan ba za a tambaye shi lokacin da idonsa ya rufe ba. Awannin da idonsa ke buɗe za a tambaye shi, yana jin alamun ya ƙi tsayawa. Ko a salla ma an umarci wanda gyangyaɗi ya kama ya je ya kwanta har barcin ya sake shi.

Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Burunai a 1993 a kan haɗurran mota. Ta ce bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana lamunin ɓarnar da ya jawo, sai in abin ya zo daga wani dalilin da ya fi ƙarfinsa wanda ba shi da yadda zai kauce masa. Wallahu a'alam.

Dan_Kwanar_Dawaki:
Allah ya gafarta Malam, in mutum biyar suka mutu, wata biyun nan sau ɗaya ne ko kowane rai da nasa?

Malam_Na_Soro:
Mafi yawan malamai sun tafi a kan kowane rai da kaffararsa. Mutum biyar wata goma ke nan, kowane wata biyu a jere.

Tsohon_Direban_Tirela:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ban ƙi maganar Malam ba. Amma ina so wanda bai taɓa kwana a kan titi ba ya ji yadda abin yake. Ka ɗauki tumatir daga Kwanar Gafan za ka kai kasuwar Mayil Tuwelf a Legas. Kayan nan ba sa jira. Dillali na kiranka, mai kaya na kiranka, mai mota na kiranka, kowa tambayarsa ɗaya, "kana ina?" Babu mai cewa ka samu ka runtsa kuwa. Shanu ma haka, in suka daɗe a tsaye cikin mota sai su fara faɗuwa, wanda ya faɗi sauran su tattake shi, asarar kuma a wuyanka za a rataya. In ka sauke ka shiga layin Apapa neman lodin dawowa, nan ma ba barci, domin in layi ya motsa kana kwance wani zai shige gabanka.

Sannan a ina za ka tsaya? A da mutum na iya gangarawa gefen hanya ko'ina ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota. Yanzu wa zai kashe mota ƙarfe biyun dare tsakanin Birnin Gwari da Tegina? Ko idonka na zuba sai ka lallaɓa ka kai gari irin Mokwa ko Tafa ko Mararrabar Jos, inda akwai jama'a da mai shayi.

Lokacin ina yaron mota, ubangidana mutum ne mai salla da kamun kai, ko sigari ba ya sha. Wata rana da asuba mun wuce Jebba, ina gefensa ina kallonsa, idonsa a buɗe tar, hannu biyu a kan sitiyari, amma motar tana ta zamewa a hankali tana cin hannun masu tahowa. Na ce "Oga!" bai amsa ba. Sai da na daki kafaɗarsa ya yi firgigit ya fizgo ta. Da muka tsaya ya wanke fuska, ya rantse mini bai yi barci ba, kuma na san ba ƙarya yake yi ba, shi a saninsa bai yi ba. Wannan ne abin da ke ba ni tsoro har yau. In za a kama direba a kama, amma a haɗa da wanda ya ce masa in bai kai gobe da safe ba ya ajiye makulli.

Nas_Mai_Aikin_Dare:
Baba, abin da ka gani a wajen ubangidanka sananne ne a likitance. Ƙwaƙwalwa ce take ɗaukewa na 'yan sakanni, ido na iya zama a buɗe, mutum kuma ba ya sanin ya yi. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, natsuwarsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na mai barasa 0.05 cikin ɗari a jininsa. In ya kai awa 24 kuwa ya kai wajen 0.10. Wato direban da ya tashi ƙarfe 5 na asuba, zuwa ƙarfe 10 na dare ya taka matakin farko, ko da bai taɓa ganin kwalbar giya ba. Lokacin da jiki ya fi neman barci shi ne daga ƙarfe 2 na dare zuwa wayewar gari, sai kuma bayan azahar, musamman in an ci tuwo ko shinkafa an ƙoshi.

Akwai kuma abin da ba a cika kulawa da shi ba. Maganin mura irin su Piriton yana sa barci sosai, mutane na saya a kemis su haɗiya su hau mota. Sai masu minshari mai ƙarfi waɗanda numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci, yawanci masu jiki da kaurin wuya. Irin wannan zai kwanta awa takwas ya tashi a gajiye. In iyalinka na cewa kana yin shiru a tsakiyar minshari sannan ka ja numfashi da ƙarfi, ka je asibiti, ana maganinsa.

Yaro_Mai_Sharon:
Anti Nas, mu da muke kan hanya kullum mun san maganinsa. Goro ɗaya, shayi mai kauri da Nescafe, ka sauke gilashi iska ta buge ka, ka ƙure waƙa. Wasu gadagi suke sha. Ni Kano zuwa Kaduna nake yi, sawu biyu in kasuwa ta yi kyau, kuma alhamdu lillahi ban taɓa ko goga wa wani ba.

Nas_Mai_Aikin_Dare:
Ƙanena, Allah ya ci gaba da tsarewa. Goro da kofi suna taimakawa, ban musa ba, amma sai sun yi minti 20 zuwa 30 kafin su fara aiki, kuma jinkirta barcin suke yi, bashin na nan. Iska da waƙa kuwa an gwada su, amfaninsu 'yan mintoci ne. Abin da ya fi aiki shi ne ka tsaya inda yake da aminci, ka sha kofin, ka kwantar da kujera ka runtsa minti 15 ko 20. Masu haɗawa da tiramadol su ne abin tausayi, domin ƙwayar ba ta kawar da gajiya, hana ka jin ta take yi, ga shi tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Muna karɓar irinsu a ɗakin gaggawa.

Barista_Zazzau:
Assalamu alaikum. Bari in dawo da mu kan ɓangaren doka. Ba sai an sami wani sashe mai suna "barci a kan sitiyari" ba kafin a gurfanar da mutum. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1971 ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga wanda ya yi sanadin mutuwar wani ta hanyar tuƙin ganganci ko tuƙi mai haɗari a kan titin tarayya. Final Kod, wato dokar hukunta laifuka da aka daɗe ana aiki da ita a Arewa, sashe na 222 ƙaramin sashe na 7, ta sa mutuwar da ta biyo bayan aikin garaje ko sakaci cikin kisan da ba a yanke hukuncin kisa a kansa, hukuncin kuma yana sashe na 224. Jihar Kaduna ta sabunta tata a 2017, don haka lambobin sun canza a can. Jihohin da suka yi kundin laifuka na shari'a, tun daga Zamfara a 2000, suna da babin kisan kuskure da diyya.

Lauyan direba zai ce wanda nake karewa ba ya cikin hayyacinsa, kuma ba a hukunta mutum a kan abin da jikinsa ya yi ba da saninsa ba. Kotun Ingila ta amsa wannan tun 1945, a shari'ar wani da ya tashi daga aikin dare, barci ya ɗauke shi ya afka cikin ayarin sojoji. Ta ce tun da ya ji barci na zuwa, wajibinsa ne ya tsaya. Babbar kotun Ostireliya a 1992 ta ce abin dubawa shi ne tuƙin da aka yi kafin barcin, shin gajiyar ta kai inda ci gaba da tafiya ya zama haɗari ga jama'a, kuma shin ya ji alama. Kun ga inda suka haɗu da maganar Malam_Na_Soro.

Mai mota kuwa, a ƙarar neman diyya ubangida yana ɗaukar alhakin sakacin da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Iyalan mamaci na iya haɗa direba da mai motar ko kamfanin su kai ƙara. Kaɗan ne dai ke zuwa.

Baban_Khalifa:
Barista na gode. Amma ta yaya za a tabbatar barci ya yi? Barasa ana hura na'ura, ƙwaya ana gwada fitsari. Barci fa? Ai cewa zai yi taya ce ta fashe ko birki ya ƙwace.

Barista_Zazzau:
Babu gwajin jini, Alhaji, amma wurin haɗarin yana ba da shaida. Titi a miƙe, ba ruwa ba hazo, mota ta bar hannunta a hankali, babu zanen taya na taka birki ko kaɗan kafin wurin karo. Sai a duba takardar lodi da rajistar tasha a ga yaushe ya iso, yaushe ya juya. A duba wayarsa. A tambayi fasinjan gaba da yaron mota. Jami'an duba lafiyar mota su faɗi ko tayar kafin karo ta fashe ko bayansa. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, a rahotonta na musabbabin haɗurra tana da gurbin gajiya daban, na barci a kan sitiyari daban. Sai dai abin da ke shiga nan kaɗan ne kusa da na gudu. Ni a ra'ayina da yawa daga abin da ake rubutawa "ƙwacewar mota" barci ne. Mamaci ba ya ba da labari, mai rai kuma ba zai tona kansa ba.

Dan_Arewa_A_Ingila:
Maganar waya da Barista ya yi ta tuna mini da haɗarin Selbi a nan Ingila, ranar 28 ga Fabrairun 2001. Wani mutum ya kwana yana hira a waya, da sassafe ya ɗauki Land Rover yana jan wata motar a baya, barci ya ɗauke shi a babbar hanya, ya gangara ya faɗa kan layin dogo. Jirgin fasinja ya bugi motar, ya kauce daga layinsa ya yi karo da jirgin dakon kwal. Mutum 10 suka mutu. Shi kuwa ya fito da ƙafarsa, ya musanta cewa ya yi barci, amma aka bi bayanan wayarsa, kotu ta ɗaure shi shekara 5.

Direbobin manyan motoci a Turai ba a bar su da halinsu ba. Awa 9 ne tuƙin yini, bayan awa huɗu da rabi dole a huta minti 45, kuma akwai na'ura a motar, takogiraf, tana rubuta komai a katin direba. In aka ga an wuce, har kamfanin ake ci tara.

Hajiyar_Kantin_Kwari:
Ku bar Turai ku dawo gida. Mu fasinjoji ma da namu, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ina bin motar dare zuwa Legas da Anacha sarin kaya, na sha gani. Direba zai gangara ya ce zai ɗan runtsa, sai mota ta ɗauki surutu, wannan ya ce kasuwa zai kama, wancan ya ce ba don a yi barci ya biya kuɗinsa ba. Akwai daren da wani bawan Allah ya tsaya a gidan mai bayan Lakwaja ya kifa kai a kan sitiyari, wani matashi ya sauka ya riƙa buga jikin motar da tafin hannu har sai da ya tashe shi. Wata dattijuwa ce ta miƙe ta ce duk mai sauri ya ɗauki jakarsa ya tari wata, ita da jikokinta a nan za su kwana. Sai aka yi tsit. Bayan kamar rabin awa direban ya tashi ya yi alwala muka wuce. Kuma ku lura, da an bar gari kowa sai ya yi barcinsa, har wanda ke kujerar gaba, a bar mutum ɗaya da duhu.

Dan_Maradi:
Gaskiya ne Hajiya. Mu nan Nijar manyan bis na tashi daga Yamai tun kafin asuba, su nufi Maraɗi da Damagaram. Zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, hanya doguwa, ga rana. A wurinmu daga Konni zuwa Maraɗi da rana tsaka shi ne lokacin da nake sa wa direba ido. In azumi ne kuma abin ya fi, an tashi sahur, goman ƙarshe an kwana tahajjud, ba goro ba shayi. Jandarma zai tsayar da mota ya duba takardu duka, amma ba mai duba idon direba.

Injiniya_Bichi:
Ga ɗan lissafi. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. In direba ya ɗauke na sakan 4, ta yi sama da mita 110 ba wanda ke riƙe da ita, wato ta zarce tsawon filin ƙwallo. Shi ya sa haɗarin barci ya cika muni, da cikakken gudu ake shiga, ba birki ba kaucewa. Kuma sabon titi mai santsi ya fi mai ramuka sa barci, domin ba abin da ke motsa direba. Akwai gurza-gurzan da ake yi a bakin kwalta, da mota ta fara fita taya za ta yi gurnani ta tashi mutum. Ba su da tsada in aka kwatanta da kuɗin titin, ya kamata a riƙa sa su cikin kwangila. Sannan a yi maganar tirelolin da ke fakin a kan kwalta ba fitila, sai 'yan ganyayyaki da aka jefa a baya. Mai gyangyaɗi su yake samu.

Malam_Na_Soro:
Injiniya, wannan ma akwai nassi. An hana matafiyi in ya sauka hutawa da dare ya yada zango a kan hanya. Wanda ya toshe hanyar jama'a ba alama har aka halaka ta dalilinsa, yana da nasa kason na lamuni.

Maman_Sultan:
Duk an tattara a kan 'yan haya, alhali mu ma'aikata muna ciki. Ranar Juma'a mutum zai tashi daga ofis a Abuja a gajiye, ya ɗebi iyalinsa ya kama hanyar Kaduna ko Kano da magariba. Likitoci da nas-nas su kwana a asibiti su tuƙa kansu gida. Sai direbobin gida, waɗanda su ne suka fi ba ni tausayi. A bar mutum a bakin get wurin biki har ƙarfe biyun dare, ya kai Hajiya gida, ya nemi abin hawa zuwa unguwarsu, a ce ƙarfe shida ya dawo ya kai yara makaranta. In ya yi haɗari a ce ya cuci amana.

UmmuHanifa:
Ni abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen maganar a garuruwanmu. Duk dokokin nan da Barista ya lissafo, ina ake zuwa da su? Kafin sadakar uku an zo da dattawa da shugabannin tasha, wan mamaci ya ce mun yafe, Allah ne ya kawo. Matar tana cikin ɗaki tana takaba ba wanda ya tambaye ta. Maƙwabciyata haka aka yi mata, 'ya'ya huɗu, babbar ba ta gama firamare ba. Buhun shinkafa da na masara aka kawo, shi ke nan. Yanzu wankau take yi.

Malam_Na_Soro:
Malama UmmuHanifa, kin taɓo wuri mai ciwo. Yafiya alheri ce, ayar ma sadaka ta kira ta. Amma diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci, matarsa na da kaso, 'ya'yansa na da kaso. Baligi na iya yafe nasa. Kason maraya ƙarami kuwa ba wanda ke da ikon kyautar da shi, ko da waliyyinsa ne. Wan mamaci in akwai ɗa namiji ma ba ya cikin magada, to me ya yafe? Sannan yafe diyya ba ya sauke kaffara daga kan direba.

In an ce direba talaka ne, ai dama ba a ce shi kaɗai zai biya ba. Littattafanmu na Malikiyya sun ambaci 'yan diwani ɗaya, wato waɗanda sunayensu ke cikin rajistar albashi ɗaya kamar sojoji, a cikin aƙila, kuma majalisar fiƙihun nan a zamanta na Dubai a 2005 ta ce inda babu dangi masu ɗauka, ƙungiyoyin sana'a da inshorar takaful na iya tsayawa a wannan matsayi. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin tikiti kullum a tasha ita ta fi cancanta ta yi asusun wannan.

Barista_Zazzau:
In ƙara a kan na Malam, yafewar iyali ba ta rufe tuhumar gwamnati da kanta, ko da yake a aikace da an yi sulhu fayil yakan kwanta. Akwai kuma inshora. Tun Janairun 2023 ta ƙananan motocin gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, sannan tana biyan diyyar rai da rauni na wanda aka buge. Matsalar ita ce takardun bogi da ake yi don a nuna a shingen hanya, sai ranar buƙata a tarar ba kamfani a bayansu.

Game da doka ta musamman, jihar Niyu Jasi a Amurka ta yi tata a 2003, bayan wani da ya yi awa 30 ba barci ya kashe wata ɗaliba a 1997 aka ci shi tarar dala 200 kawai. Dokar ta ce wanda ya wuce awa 24 bai yi barci ba ya tuƙa har ya kashe rai, ana ɗaukarsa mai ganganci. Ni ina goyon bayan mu yi irinta, a kuma sa mai mota a ciki.

Tsohon_Direban_Tirela:
Ranka ya daɗe Barista, in aka yi dokar nan kafin a gina wuraren hutawa masu tsaro, talaka za ta ci. Za ta zama sabuwar hanyar karɓar na goro a shinge. 'Yan Rod Sefti na cewa a huta minti 15 bayan kowace awa huɗu, mun ji, mun yarda. Su nuna mana inda za mu tsaya.

Sakataren_Tasha:
Na ga ana ta ambaton ƙungiya. Mu a tasharmu layi ake bi, wanda ya iso yanzu ba ya juyawa sai waɗanda ya tarar sun tashi, kuma in kamasho ya ga mutum idonsa ya yi ja muna hana shi lodi. Amma ba mu san abin da ya yi da darensa a gida ba. Kuma masu ɗiban fasinja a bakin titi ba sa bi ta hannunmu, su ne ke yin sawu uku. Maganar asusun diyya da Malam ya kawo ban ƙi ta ba, zan kai ta zaman shugabanni, sai dai kuɗin tikitin ba duka ke zama a reshe ba.

Hajiyar_Kantin_Kwari:
Sakatare, ku fara da motocin dare masu dogon zango, ku wajabta direba biyu. Na biyun kuma ya kwanta da gaske, ba ya zauna yana karɓar kuɗin kaya ba.

Dalibar_BUK:
Don Allah tambaya. In ina cikin mota na ga direba na gyangyaɗi, na yi magana ya ce ba komai, sauran fasinjoji kuma suka yi shiru, me zan yi? Mace ce ni, ba kowa zai saurare ni ba.

Maman_Sultan:
'Yata, ki nemi babba ɗaya a motar ki sa shi ya yi maganar tare da ke. In ya ƙi, ki ce za ki kama ruwa ko za ki yi salla, da wuya a hana. Da an tsaya a gari kin sami damar kiran 122, lambar FRSC ce. In hankalinki bai kwanta ba ki sauka inda akwai jama'a ki bar masa kuɗin.

Yaro_Mai_Sharon:
Na ji duk abin da aka faɗa, musamman lissafin Injiniya. Amma motar nan da nake ja ba tawa ba ce tukuna, biya nake yi duk mako, in na gaza sau biyu a karɓe. Ga mai ya yi tsada, ga tikiti, ga na shinge. In na koma sawu ɗaya balas ba zai fita ba. Baba Tsohon_Direba, ku da kuka riga mu, ya ake yi?

Tsohon_Direban_Tirela:
Ɗana, ka nemi amintaccen yaro mai lasisi wanda ba shi da mota, akwai su da yawa a tasha suna zaman jira. Ka yi sawun safe, ya yi na yamma, ka ba shi kasonsa. Abin da zai rage maka kaɗan ne amma motar ba ta tsaya ba. Ka fara gaya wa mai motar, kada ya ji a bakin wani, kuma ku rubuta a takarda wa ke ɗaukar gyara in wani abu ya lalace a hannun yaron.